Rabon Mai Gardama

Ni dai na gaji da jin "to". Duk wanda na yi wa magana a gidan nan, to zai ce mini. 'Ya'yana to, surukaina to, jikoki ma sun koya. In na ce gabas su ce to, in na juya na ce yamma su ce to, sannan kowa ya fita ya yi abin da tun farko ya yi niyya. Wai ladabi ke nan. Gardamar kuwa ba mutuwa ta yi ba, ƙaura ta yi ta koma cikin waya. Kwanan baya babbar 'yata ta zo ganin gida, na sa ta karanto mini abin da 'ya'yana da 'ya'yan ƙanena suke rubuta wa juna a kan gonarmu ta gado, ba ta yi nisa ba na ce ta bari haka. Wannan ya ce wancan ɗan baƙin ciki ne, wancan ya ce wannan bai san ciwon kansa ba, wani ya yi zuciya ya fice daga taron. Amma in sun haɗu a wurin ɗaurin aure sai ka ga ana musabaha, ana tambayar iyali, kamar ba su ba.

Gonar tana kan hanyar Zango. A da sai ka yi tafiya mai kyau daga Daura kafin ka kai ta, yanzu gari ya cim mata, masu buga bulo sun kafa inji a gefenta, ƙarar babura ba ta yankewa. Masu yanka fuloti suna sonta, dillali ya ce zai dawo bayan Juma'a ya ji amsa. Mu biyu muka rage masu ta-cewa a kanta, ni da ƙanena Sale. Sau uku ina tambayarsa, sau uku yana ce mini, "Yadda ka gani, Yaya." Ni kuma ba na so in dangwala hannu a takarda alhali ban san abin da ke cikin ransa ba. Kusan shekara arba'in ke nan rabon da Sale ya musa mini magana. Na san dalili, don ni na jawo.

Ba haka gidanmu yake ba a da. Na tashi na tarar da Baba da ƙanensa, wanda muke ce wa Baffa, suna noma gandu ɗaya suna zuba wa rumbu ɗaya, kuma duk unguwa an san su da gardama. In ruwan farko ya sauka, ƙasa ta tashi da ƙanshin nan da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗiba ya ci, ana idar da sallar asuba za ka ji ana kwance jakuna, ana buga sungumi da ƙasa don ƙota ta zauna, ana auno iri daga tukunya. Muna isa gona Baba zai tsugunna ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya, ya ce, "Ta kai." Baffa zai matsa taku uku ya tona nasa ramin, ya ce, "Ba ta kai ba, Yaya. Wannan ruwan yaudara ne." Shi ke nan an fara. Mu samari sai mu jingina da sungumi mu jira, don mun san ba yanzu ba. Babu abin da ba su yi gardama a kai ba: ko a yi binne tun ruwa bai zo ba, ko gyaɗa ta fi dawa a jigawar arewa, ko wane Bafillace za a kira ya kwantar da shanu a gona da rani, ko a shiga maimai yau ko a bari sai jibi. Baƙo in ya jiyo su daga hanya sai ya tsaya yana neman wanda zai taya shi rabon faɗa.

Sai da girma ya zo mini na gane cewa gardamar tasu tana da hanyarta. Ba sa yinta a cikin gida. In Baffa ya taso da magana a zaure, Baba zai ce, "Bari sai mun je inda abin yake." A can kuma ƙarami ne ke farawa. Baba ya taɓa gaya mini cewa in shi ya fara, to ya tilasta wa ƙanensa ɗayan biyu, ko ya ƙaryata babba ko ya haɗiye maganarsa, kuma dukansu babu mai amfanin gero. In Baffa ya gama, Baba ba zai ba da amsa ba sai ya maimaita masa: "Cewa ka yi kaza da kaza, ko?" In Baffa ya ce ba haka ba ne, sai a sake, har sai ya ce, "Haka na ce." Sau da yawa a nan rabin rigimar ke mutuwa, don sai su tarar abu ɗaya suke faɗa tun safe. Ba wai ba a ɗaga murya ba ne. Ana ɗagawa. Na ga Baffa ya cire hula ya buga da ƙasa, jijiyar wuyansa ta tashi. Amma ban taɓa jin an jawo maganar bara ba, ko ta matan gida. Rana ɗaya da Baffa ya zarme ya ce, "Kai kullum haka kake," sai Baba ya ce, "Maganar gero muke yi. Ka bar halina, shi ma in kana so mu sa masa rana." Ana cikin haka za a kawo fura, su zauna a gindin gawo, ludayi ɗaya yana zagayawa tsakaninsu, wannan ya kurɓa ya miƙa wa wancan yana ce masa wallahi bai fahimci ƙasar nan ba.

A ƙarshe Baba ne ke yankewa, shi ne babba. Amma wanda aka kayar ba ya tashi hannu wofi. Ana ware masa layi bakwai daga cikin gandu ya yi yadda ya ce, da irin gida da ƙarfin gida. Wannan muke kira rabon mai gardama. Ban sani ba ko akwai wasu gidajen da ke yi, mu dai haka muka taras. In kaka ta yi, damin layi bakwai ɗin nan rumbu ɗaya yake shiga da saura, kuma haramun ne a gidanmu wani ya buɗe baki ya ce "ai na faɗa". Kowa yana da ido, ya ga abin da gona ta nuna. Baɗi sai ka ga Baba ya bi hanyar Baffa shiru, kamar a mafarki aka nuna masa, Baffa kuma ya kau da kai kamar bai lura ba. Na taɓa ce wa Baba wannan ai ɓarnar wuri ce. Ya dube ni ya ce, "Ni ban san gaibu ba. In na yi kuskure ina so a samu wani ɓangaren da ba a yi shi ba." Na ce to, na wuce, ina ganin tsufa ne ya fara taɓa shi.

Yanzu kuwa in ka ce wa mutum ba haka ba ne, ji yake kamar ka zagi iyayensa. Ɗana da ke aikin ofis a Katsina ya ba ni labari, wai in an zauna taro kowa gyaɗa kai yake yi, shugaba ya faɗi abin da kowa ya san ba zai yiwu ba a ce masa madalla, ana fitowa a taru a gindin bishiya a yi ta cin namansa. Ya faɗa yana dariya. Ni ban yi dariya ba, don na san a inda ya fara koyon gyaɗa kan.

Baba da Baffa ba su daɗe a bayan juna ba. Gandu ya dawo hannuna ina ɗan shekara talatin da 'yan kai, ga ƙarfi ga zafin kai, ga son a ce ɗan wane ya riƙe gida. Sale a lokacin bakinsa ba ya rufuwa. Halin Baffa ya biyo sak, har buga hular. Ko tuwo aka kawo sai ya sami abin da zai ce game da miyar, ya sa kowa dariya. Wata bazara ya je kasuwar Mai'adua ya dawo da ɗan ƙullin iri a cikin tsumma, ya ce wani mutumin tsallaken iyaka ne ya ba shi, can inda a lokacin muke ce wa Faransa. Gero ne gajere, kansa bai kai rabin namu ba. Namu kuwa dogo ne, zangarniya kamar sandar makiyayi, irin da Baba ya gada daga ubansa. Muka je gindin gawo kamar yadda aka saba, na ce ya fara.

"Yaya, damina ta fara gajarta, kai ma ka gani," in ji shi. "Shekara biyu ke nan ruwa yana ɗaukewa gero bai gama ido ba. Wannan kafin namu ya yi ciki shi ya fitar da kai. Ba cewa na yi a bar namu ba. A raba, ko kashi ɗaya cikin uku ne."

Na ce, "Wato cewa ka yi mu zubar da irin ubanmu, mu shuka na wani baƙo da ko sunan garinsu ba ka sani ba, ko?"

"Ba haka na ce ba."

"Haka ka ce."

"Wallahi Yaya ba haka na ce ba. Maimaita yadda na faɗa."

Ban maimaita ba. Na ce rana tana yi, na yanke, za a shuka na gida. Na ware masa layi bakwai ɗinsa don kada a ce na karya abin da aka gada.

Geronsa ya fito da kyau. Gaskiya ce wannan, ba zan ɓoye ba. Namu yana ta tsawo yana ganye, nasa ya fitar da kai ya yi bununi, ya fara ido. Duk lokacin da na wuce sai in kau da kai, don na ga alamar yaron nan zai kayar da ni a gaban gari. Sai tsuntsaye suka gano shi. A duk karkarar nan babu wani hatsi da ya nuna sai layi bakwai ɗin nan, jan-baki kuwa suka sauko masa kamar an yi musu gayya. Sale ya ɗaura gwangwanaye a igiya, ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, ya yi majajjawa. Tun rana ba ta fito ba yana can yana ihu, har muryarsa ta dushe. Ko tumu bai gasa ba. Shekarar kuma Allah Ya kawo ruwa har ƙarshe, dogon geronmu ya yi irin yin da na daɗe ban gani ba.

Da na tsaya nan da babu komai. Gona ta riga ta yi magana. Amma ranar da aka gama kwaso dami, sai na bi ta wajen layukansa na karyo zangarniya uku, fayau, babu ko ƙwaya, na soke a aljihu. Bayan la'asar dattawan unguwa da sa'o'inmu suna zaune a dakalin ƙofar gida ana yi mana barka da kaka, Sale yana cikinsu. Na zaro na ɗaga. Na ce, "Jama'a, ga geron zamani, na Malam Sale. An noma wa tsuntsaye sadaka, Allah Ya karɓa." Aka fashe da dariya, wani har da tafawa. Na ƙara da cewa, "Ai na faɗa masa tun bazara." Sale ya ɗan yi dariya shi ma. Ya miƙo hannu ya karɓi guda, ya murza a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin. Ya ce, "Gaskiyarka, Yaya." Na ji daɗi ƙwarai a lokacin, har na sa aka kawo goro.

Da na shiga gida uwar 'ya'yana, Allah Ya ji ƙanta, tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba ta ce, "Malam, na ji abin da aka yi a ƙofar gida. Ba ka kyauta ba." Na ce wasa ne, tsakanin wa da ƙane. Ta ce, "In wasa ne, me ya sa ka ɗauko shi tun daga gona?" Na ce ta ji da tukunyarta.

Sale bai yi fushi ba, irin fushin da ake gani. Da ya yi da na san yadda zan yi da shi. Bai ce a raba gandu ba, bai fasa gaishe ni da safe ba, aiki kuwa ya fi da. Bakin ne kawai ya rufe. In na ce a yi binne, gaskiyarka Yaya. In na ce a bari, gaskiyarka Yaya. Da fari na ɗauka na samu lafiya, har ina cewa yaro ya yi hankali. Sai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ta zo, dogon geronmu ya tsaya da kai babu ido, muka ci dawar aro har wata damina. A lokacin maƙwabta da yawa sun shuka gajeren, kuma da yake gonaki ne da yawa suka nuna tare, tsuntsaye suka rarrabu, ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba. Daga baya na ji cewa Sale ne ya ba su shawarar su haɗa kai su shuka rana ɗaya. Ya faɗa wa kowa ban da ni. Akwai kuma ranar da na sayi sa na huɗa yana tsaye a gefena, muka kawo shi gida ashe yana ɗingishi. Na ce, "Ba ka gani ba a kasuwa?" Ya ce, "Na gani." Na ce, "Me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Na ga ka riga ka so shi."

A ƙarshe ni ma gajeren na koma shukawa, kamar kowa. Ban ce masa komai ba, bai ce mini komai ba. Sau nawa na shirya maganar a bakina, in na gan shi sai girman kai ya danne ta, in ce ai abu ya wuce, tayar da shi ma wani laifin ne. 'Ya'yana suka tashi suna kallon yadda baffansu ke yi da ni, suka ɗauka haka ake zama da babba. Uwarsu ce kaɗai ta rage mai ce mini ban yi daidai ba, da ta rasu gidan ya yi tsit. Ina zaune a zaure ana wucewa ana rusunawa, babu wanda na san ra'ayinsa a kan komai. Kaɗaici ne, kuma yana da nauyi, ga shi babu wanda zan kai wa ƙara.

Jiya da hantsi na ɗauki sanda na tafi gidan Sale. Na tarar da shi a inuwar zaure yana tufka igiya a cinya, idon ma ya fara yi masa gardama, da lalube yake yi. Muka gaisa, ya gyara mini tabarma. Na ce dillali zai dawo. Ya ce, "Yadda ka gani, Yaya." Ya gama tufke kabar da ke hannunsa ya ɗauko wata.

Na ce, "Sale, na yi maka laifi shekarar geron nan. Abin da na yi a ƙofar gida."

"Ba ka yi mini komai ba."

"Na yi."

"Ya wuce, Yaya. Mu da muke jiran kira."

"Bai wuce ba. Faɗi, in maimaita maka, har sai ka ce haka ka ce."

Hannunsa ya tsaya. Ya ajiye igiyar. Da ya buɗe baki muryar ba ta tsoho ba ce, da ƙarfinta ta fito.

"Kai kana ganin dariyar ce ta dame ni? An yi mini dariyar da ta fi wannan. Baba a tsakiyar gona yake yanka wa Baffa rabonsa, inda ƙasa ta fi kyau. Kai a bakin kududdufi ka yanka mini, a gindin bagaruwa, inda tsuntsayen ke kwana. Ka san da su. Tare muke korarsu a wurin tun muna yara."

Wannan ban faɗe shi ba a duk labarin da na bayar, ko ga uwar 'ya'yana, kuma ko a nan na so in tsallake shi. Gaskiya ne. Na zaɓi wurin da idona buɗe. Shekara arba'in ina jin cewa ni kaɗai na sani.

Na ce, "Cewa ka yi na ba ka wurin da na san ba zai tsira ba, don kada ka kayar da ni."

Ya ce, "Haka na ce."

Ya sake ɗaukar igiyarsa. Can na ce, "Gonar fa?"

"Ba na so a sayar."

Na ce wa zai nome ta, ni da shi da ko tsugunno ba ma iya yi? Yara duk sun watse, shekara uku ke nan ana ba da ita aro, gari ya kewaye ta, awakin unguwa ke cinye rabin abin da aka shuka. Ya ce a kewaye ta da waya. Na ce in mun mutu yaran nan za su kai juna gaban alƙali a kanta, gara a raba musu tun muna gani. Ya ce in an sayar wata shida ya yi yawa, za su mayar da ita babura da wayoyi. Na ce bai fahimci zamanin nan ba. Ya ce ni ne ban taɓa fahimtar komai ba sai abin da na riga na so. Muryoyinmu suka tashi har matarsa ta leƙo daga cikin gida tana salati, ya ce mata ta koma, magana muke yi.

Har aka kira azahar ba mu daidaita ba. Ni har yanzu ina ganin sayarwa ta fi, shi yana ganin hauka ne, kuma yana da hujjojin da ban taɓa tunaninsu ba, wa ya san wasu nawa ya haɗiye a shekarun nan. Na miƙe da ƙyar, gwiwa tana ciwo, maƙogwaro ya bushe, ga wata gajiya da ba ta jiki ba, ta tunanin abin da na hana kaina tun ina da ƙarfi. Ya rako ni bakin zaure yana dafa bango. Na aika wa dillali cewa kada ya zo wannan makon. Sale ya ce in dawo yau da hantsi, kuma in zo da wuri, don bai gama ba.